Ƙafar roba ko sifirin: wace ce ta fi dacewa da tirelar shiga daji?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya shekaranjiya. Ya sayi 'yar tirelar ɗaukar kaya 'yar Kwatano, mai tayoyi inci 13, farantin da ke jikinta ya nuna kilo 750, kuma da Hilux yake jan ta. Yana so ya ɗora mata tanti, ya sa ruwa da kayan girki, ya riƙa kwana a gonarsa lokacin girbi, in hali ya yi har ya leƙa Gashaka Gumti da Mambila. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: ya bar ƙafarta yadda ta zo, ko ya kai wa mai walda a cire a sa sifirin?

Malam, na duba hotunan da ka turo. Ƙafar tirelarka irin wadda ake ce wa ta roba ce. Wancan bututun da ya ratsa ƙarƙashinta, a cikinsa akwai igiyoyin roba masu kauri guda uku ko huɗu da aka matse, kowace taya kuma tana da ɗan hannunta da ke murɗa robar in ta taka rami. Irin wannan ƙira ta cika ƙananan tirelolin Turai, kamfanoni irin su AL-KO da Knott ke yin ta. A kan kwalta ba ta da laifi ko kaɗan: ba ƙara, ba neman giris a gaɓoɓi, kowace taya tana motsinta ita kaɗai, ga rashin nauyi. In da gonarka a bakin titi take, da sai in ce ka bar ta, ka sayi katifa mai kyau da kuɗin.

Matsalarta tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Motsin da robar ke iya yi kaɗan ne, 'yan santimitoci, don haka a hanyar burji mai gargada duk dukan da ya wuce ƙarfinta firam ne ke shanye shi. Firam ɗin kuwa falle ne da aka lanƙwasa aka ɗaure da noti. Sannan robar tana tsufa, zafin rana yana busar da ita, ka kuma tuna ba ka san shekarun da ta yi kafin ta zo hannunka ba. Ranar da ta saki, taya za ta kwanta ta fara gogar madgad, kuma babu bakanike a Serti ko Gembu, garuruwan yankin Gashaka da Mambila, da zai buɗe bututun nan ya sake mata roba. Ƙafar gaba ɗaya ake canzawa, a Kano ma sai an sha nema.

Sifirin kuwa tsohon yayi ne, yana da nauyi, yana kuka, yana son a riƙa duba notocinsa. Amma duk garin da ke da tashar mota akwai wanda ya san shi. Ni da kaina ganye ɗaya, wato ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan da ake jerawa su zama sifirin, ya taɓa karye mini da yamma, nesa da gari. Wani dattijo mai faci ya sassaƙa guntun icce ya cusa tsakanin firam da aksil, muka naɗe karayar da robar tiyub tamau, na lallaɓa a giya biyu har inda ake walda. Washegari kafin azahar an samo ganye a jikin wata tsohuwar a-kori-kura an daidaita. Da ƙafar roba ce, da a can zan bar tirelar in je neman mota.

Ta wajen tsayi ma akwai bambanci. Ƙafar roba ana iya ɗaga ta ta hanyar sa bututu mai kusurwa huɗu tsakaninta da firam, jikin tirelar zai tashi, amma shi bututun ƙafar yana nan inda yake, tunda taya ce ke ɗaga shi daga ƙasa. Taya kuma ba za ka iya ƙara mata girma sosai ba, domin hob ɗinka, wato inda ake ɗaure taya, mai noti huɗu ne, boris ɗinsa ƙanana, an yi su don inci 13. Da sifirin kai ne mai zaɓi. In aka ɗora shi a saman aksil, za ka sami ƙarin wajen santimita 10 zuwa 15 a kan yadda zai kasance in yana ƙasa. Kada dai a wuce gona da iri, don tanti zai hau sama, tirela mai tsayi da nauyi a ka kuwa ita ce ke kifewa a gangare.

Abin da ya fi rinjayar da ni zuwa ga sifirin shi ne taya. Hilux mai jan ƙafa huɗu noti shida take da shi, ma'aunin 6x139.7. In aka haɗa maka sabon aksil da hob irin wannan, tayar tirela da ta mota sun zama ɗaya, safayarka ta zama biyu, in ta ƙure ma kana iya kwance tayoyin tirelar ka fitar da motarka. A nan ka lura: ba duk Toyota ke da wannan ma'aunin ba, Land Cruiser 79 noti biyar gare ta, don haka in ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tafi da wilinka a gwada a gabanka. Ka kuma sa a auna faɗin aksil ya zo daidai da na motar, kusan mita ɗaya da rabi. A cikin yashi ko laka, tirelar da ke bin sawun mota kamar babu ita take, wadda ta fi motar ƙanƙanta kuwa sabuwar hanya take sara wa kanta, injin ne ke biya.

Kuskuren da masu walda suka fi yi shi ne su ɗauko sifirin bayan Hilux cikakke su maƙala. An yi shi don mota mai nauyi da lodi, a ƙarƙashin 'yar tirela ba zai lanƙwasa ba, za ta riƙa tsalle kamar akuya, ƙwai da kwanuka su gaya maka. A rage ganyaye, a bar dogayen biyu ko uku, a sa shokozoba kowane gefe. Kada kuma a yarda a sa maka aksil na bayan mota da tukunyarsa, wato dunƙulen giyar da ke tsakiyarsa, nauyin banza ne, kuma tukunyar ce za ta fara cin dutse. Wani abu: jikin irin tirelarka an shafe shi da tutiya don tsatsa, hayaƙinta in ana walda yana sa zazzaɓi, a kankare wurin tukuna, a yi aikin a fili.

Yanzu lissafin nauyi, don shi ne zai raba gardama. Kilo 750 ɗin nan har da nauyin ita tirelar. Mu ƙaddara kilo 200 take ba kaya. Tanti na sama wajen 60, jarka huɗu ta ruwa mai lita 25 kilo 100 cif, jarka biyu ta man gas na mota wajen 40, batirin sola 30, tukunyar gas ta girki 25, ƙarafan da za su riƙe tanti 50. Ka haura 500 ba ka sa abinci da katifa da kayan aiki ba. Da ƙafar roba har yanzu kana cikin iyaka, amma a kan gargada kana kusa da ƙarshen ƙarfinta. Da sifirin da manyan tayoyi uku da ƙarin ƙarfen firam, za ka iya wuce 750 ɗin. Wannan adadi kuwa a Turai shi ne iyakar tirelar da aka yarda ta yi tafiya ba birki. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunin Mambila ya san dalilin. In ka wuce shi, ka nemi hob mai birki, kada ka bar wa Hilux aikin ita kaɗai. Wajen lodi, ka bar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙallin mota, ruwa ya zauna daidai saman aksil ko gaba kaɗan. In nauyi ya koma baya, tirela za ta fara lilo a guje.

Ko wacce ka zaɓa, maƙalli sai an taɓa shi. Ƙwallon milimita 50 da ta zo da shi ba ya juyawa da yawa, in mota ta faɗa kwazazzabo ta karkata hagu tirela ta karkata dama, ko ya cije ko ya fizge. Ƙugiya da zobe, irin na tirelar sojan Amurka M416 da ake ja da jif, sun fi sakewa, sai dai bugu da ƙara duk lokacin da ka taka birki, kuma a tabbata zoben yana juyawa. Akwai na Ostiraliya mai suna DO35 da ke juyawa ta kowace fuska ba ƙara, amma sai an yi odarsa, kuɗinsa kuma ba wasa ba. Sarƙa biyu a gicce a ƙasa dole ne.

Don haka in gonar kaɗai ce, hanyar kuma tana biyuwa da ƙaramar mota, bar robar, ka rage iskar taya, ka tafi a hankali. In da gaske kake maganar Gashaka, inda ake ratsa rafuka, a yi sabon firam da bututu mai kauri wanda dogon wuyansa zai wuce har ƙarƙashin bodi, a sa sifirin, tsohon akwatin a ɗora a kai. Kafin ka sayi tanti, ka loda mata buhunan yashi daidai nauyin da muka lissafa, ka yi awa guda a hanyar gonarka, ka tsaya ka taɓa hob ka ji ko ya yi zafi, ka leƙa inda wuya ya haɗu da bodi ko fenti ya tsage. In ka ga wani abu, turo hoton wurin.