Memwar ɗin Tsohon Alkawari da na saya wa Baba

Idon Baba ya yi rauni, karatu ya gagare shi, shi ya sa ran nan na shiga wani shagon masu waya kusa da kasuwar Dole a Damagaram na sayi memwar mai ɗauke da karatun Tsohon Alkawari da Hausa, jaka biyu da rabi, yaron shagon ya sa mini a ƴar rediyo muka gwada kafin in biya. Murya tas, mai karatun ba ya gaggawa.

Abin da ban zata ba shi ne dabbobin. Baba ya yi kiwo tun yana yaro, to da muka kai Amos 3:12, inda makiyayi ke ƙwato ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki, sai ya ɗaga hannu ya ce "tsaya, maido mini wannan." Ya ce haka suke yi in kura ta kama akuyar mutane, ka kawo saura mai dabba ya gani da idonsa kar a ce sayarwa ka yi. Ashe dokar tana nan cikin Fitowa 22, kuma Amos ɗin kansa makiyayi ne daga Tekowa, ya san abin da yake faɗa: abin da zai tsira na mutanen Samariya bai wuce wannan guntun ba. Sau uku muka maimaita.

Ni kuwa Irmiya 8:7 ce ta kama ni, shamuwa ta san lokacinta amma mutane ba su san shari'ar Ubangiji ba. Wane ɗan Damagaram ne bai san in shamuwa ta sauka damina ta kusa ba? Haka ƙadangaren Karin Magana 30 da ake kamawa da hannu amma yana cikin fadar sarakuna, je ka Birni ka dubi katangar gidan Sarki da rana tsaka.

Inda raina ya ɓaci, fayilolin ba suna, lamba kawai, sai ka yi ta latsawa kafin ka gano Zabura 42 ta barewa mai ƙishin ruwa, dattijo ba zai iya shi kaɗai ba. Kuma littafin Yowel ya yanke a babi na farko, bayan inda aka ambaci sunayen fara iri huɗu, daidai lokacin da Baba ya soma ba mu labarin farar 2004 da ta cinye gero a gona. Na koma shagon, yaron ya ce "yi haƙuri yaya", ya sake zuba mini ba ko dala, yanzu ya cika.

Hausar ta Najeriya ce, akwai kalmomin da Baba ke tambaya, amma ba su da yawa. In za ku saya ku zauna a shagon ku gwada ƙananan littattafan annabawa ɗaya bayan ɗaya kafin ku ba da kuɗi.