Kwana shida a sashen masu ciwon ciki

Bayan na shafe wata uku ina fama da ciwon ciki da amai da rama, aka kwantar da ni a wani asibitin koyarwa domin a gano musabbabin abin. Likitan ya saurare ni cikin natsuwa, ya sa aka gwada jini da bayan gida, sannan da na yi awa 8 ban ci komai ba, aka zura siririn bututu mai kyamara ta baki har cikin tumbi, inda aka ga gyambo, gwaji kuma ya nuna wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ta haddasa shi. Ma'aikatan jinya na dare sun kula da ni matuƙa. Abin da ya sosa min rai shi ne jiran sakamako har kwana uku ba tare da kowa ya yi min bayani ba.