DDJ-FLX4: sync zai daidaita maka bugun kiɗa, amma ƙirga naka ne

Wannan kwantirola (na'urar da DJ yake haɗa waƙoƙi da ita) ta kamfanin Pioneer DJ da ta fito a 2022 gaskiya ta yi, musamman ga mai koyo. Dek biyu ne, wato gefe biyu kowanne da waƙarsa, tana aiki da manhajojin rekordbox da Serato DJ Lite, da USB-C kawai zaka jona ta da laftof.

Amma abinda nake so 'yan uwa su gane, maɓallin sync gudun waƙoƙin biyu da bugunsu kawai yake haɗawa, bai san inda baiti ya fara ko inda amshi ya ƙare ba. Yawancin afrobeats da amapiano bugu huɗu ne a bar ɗaya, bar takwas bugu 32 kenan, a nan kiɗa yake juyawa, to in ka saki sabuwar waƙa a bar na biyar ko da BPM (adadin bugu a minti ɗaya) ya zauna daram zaka ji muryar wannan ta hau kan ta wancan, masu rawa su tsaya suna kallonka. Nan ne hot cue ɗinta, wato alamar da in ka danna waƙa za ta fara daga wurin, ya burge ni wallahi, maɓallai takwas kowane gefe, ka sa alama a bugun farko, ka ƙirga, sai ka danna daidai kan bugun farko na sabon zagaye.

Smart Fader kuma yana gyara gudu da bes da kansa, yana da daɗi amma kar mai koyo ya dogara da shi. Waƙoƙin biki masu kalangu ka riƙa duba grid ɗinsu (layukan da manhaja take nuna wurin bugu da su) da kunnenka tukuna.

Inda ta gaza, fitar sautinta mahaɗin RCA ne, babu XLR da manyan kayan sauti suke amfani da shi, babban hol sai ka bi ta mikisa.