Gargaɗi: ku yi hattara da mai tallar "fim ɗin ganin zinariya" a Maraɗi

Jama'a assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a zaurukan WhatsApp na garin nan, yana cewa ya samo fim ɗin hoto na infurared (wani haske da ido ba ya gani) irin na sojojin Amurka, wanda in ka sa a kyamara ka ɗauki fili zai nuna maka inda zinariya take a ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙo yake nema, musamman samarin da ke zuwa wajen Ɗan Isa da masu shirin tafiya Jado. Ƙarya yake yi, kada kowa ya tura masa ko dala.

Ga yadda yake aikinsa. Da farko zai turo maka hotunan daji, itatuwa duk sun koma ja, ga wani ɗigo rawaya a gefe da aka zagaye, wai nan ne arzikin yake. Sai ya ce kayan suna kan iyaka, a tura rabin kuɗi a fiddo su daga hannun ƴan duwan. In ka tura, gobe wani sabon kuɗin zai taso. Wanda ya matsa masa lamba shi yake aika wa kaya ta tasha. Wani ƙanen abokina ya kawo mini nasa shagona na hoto, yana ta murna. Ɗan gwangwanin fim ne an manna masa takarda baƙa da aka buga a kanti, gefenta har ya fara ɗagowa. Na sa farce na ɓare, sai ga tambarin fim ɗin kala na yau da kullum, irin wanda muke ɗaukar biki da suna da shi a da. Jikka tamanin ya biya, kuɗin tumakin gyatumarsa.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne fim ɗin infurared ba tatsuniya ba ne. Idon ɗan Adam yana ganin haske daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan, ja ne a ƙarshe), shi kuwa wannan fim yana kama wanda ya ɗan zarce ja. Ɗanyen ganye yana maido da wannan hasken sosai, shi ya sa a fim ɗin baƙi da fari za ka ga gawo cikin rani ya fito fari fat, sama kuma ta yi duhu. Mai kala, wato Aerochrome na kamfanin Kodak, asalinsa aikin soja ne da awon ƙasa daga jirgin sama: ganyen gaske ya fito ja, fentin kore da aka rufe motar yaƙi da shi ya tonu. Iyakarsa ke nan. Hasken rana ne da ya bugi bayan abu ya dawo. Ba ya ratsa ƙasa ko da taƙi ɗaya, ba ya ganin ruwa a ƙasan rijiya, ba ya ratsa bango. Ko zafin jikin mutum cikin dare ba ya gani, wannan aikin wata na'ura ce dabam.

Sannan ina ma ya same shi? Kodak ta daina yin HIE, fim ɗinta na infurared mai baƙi da fari, tun 2007, Aerochrome ya bi bayansa a 2009. Efke IR820 na Kuroshiya ya tsaya a 2012. Ragowar da ke hannun mutane a Turai cikin ƙanƙara ake ajiyarsa, don zafi na kashe shi. To ku duba zafin Afrilu a Maraɗi, da wutar nan tamu mai zuwa ta ɗauke, ku gaya mini wane fim ne zai yi shekaru a aljihun wani ya rayu. Waɗanda ake samu sababbi yau, irin su Ilford SFX 200 da Rollei Infrared 400, baƙi da fari ne, masu sha'awar hoto ke sayensu, kuma sai an ɗaura wa kyamara gilashin tacewa R72, mai duhu ƙirin. Bayan haka a nemo mai wankewa. Ni da na yi shekaru ina wannan sana'a na san yadda wankin fim ya zama a garin nan tun da waya ta karɓe aikin.

Jajayen hotunan da yake turawa kuwa, kowane yaro mai waya zai haɗa maka irinsu kafin shayi ya tafasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne. Mutum ya yarda da ɗigon da aka zana masa, ya je ya haƙa rami inda ba a tantance ba. Ba mu manta da ruftawar ramin zinariya a yankin Ɗan Isa a Nuwamba 2021 ba, da rayukan da aka rasa. Allah Ya jiƙansu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana takardar aikawa da saƙonnin murya, ya ɗauki hoton hirar kafin mutumin ya goge, ya kai komisariya ko wajen jandarma. Masu kula da zauruka ku cire tallar, don yana sauya lamba, ya dawo da hotuna iri ɗaya. Wanda kuma ke da ƙane ko ɗa a wurin haƙo ya kira shi ya karanta masa wannan, da yawansu saƙon murya kawai suke saurare.