draw.io da linzamin kwamfuta: inda ya burge da inda yake ba da haushi

Ɗaliban BUK masu zana taswirar aikin kammala karatu da masu shagunan buga takardu a Kano na iya amfani da draw.io, manhajar zana siffofi da kibiyoyi a kwamfuta, don kyauta ce, kuma akwai wadda ake sauke wa kwamfuta ta yi aiki ko babu data. Amma daɗinta yana ga sanin linzami.

Abubuwan yau da kullum ba su da matsala. Danna hagu ka ja a fili, duk siffar da ta shiga akwatin ta zaɓu. Riƙe dama ka ja, shafin ya bi hannunka. Ctrl da tayar tsakiya na ƙara girma ko ragewa. Ctrl da ja yana kwafin siffa, Shift da ja kuma yana hana ta karkacewa daga layi.

Wurin da mutane ke shan wahala shi ne haɗa kibiya. Iri biyu ce, kuma bambancin launi ne kawai. In ka ja bakin kibiya ka sake ta lokacin da gefen siffar gabaɗaya ya yi shuɗi, kibiyar za ta riƙa zagaya siffar tana neman hanya mafi kusa duk sanda ka matsar da ita. In kuma ka sake ta kan ɗigon da ya yi kore, ta kafe nan ke nan. Wanda bai lura ba sai ya matsar da akwati ɗaya, ya ga layuka sun harɗe kamar zaren masaƙa. A nan manhajar ta gaza, domin ɗigon ƙanana ne ƙwarai, sai ka ƙara girman shafi kafin ka same su daidai.

Siffa kuma, in kana jan ta, tana tsalle daga layi zuwa layi saboda layukan awo na shafin. Riƙe Alt, sai ta tafi yadda kake so.

Wani laifin ba na draw.io ba ne. Linzami mai arha da maɓallinsa ya gaji yana sakin siffa ana tsakar ja, ko ya danna sau biyu ya buɗe wurin rubutu. Ƙurar hunturu ma tana toshe idonsa na ƙasa. Kafin ka biya kuɗin linzami a shagunan kayan kwamfuta na Beirut Road a Kano, ka sa a jona maka shi, ka ja abu daga wannan kusurwar allo zuwa waccan ka gani ko zai saki.