Na'urar matse kayan lambu: ta iya aikinta, amma ku dubi abin da take zubarwa

Tun da 'yan uwa da abokan arziki suka ga ina shan koren ruwa da safe suke tambayata ko su ma su sayi irin na'urar da nake amfani da ita. Amsar ba ta "e" ko "a'a" ba ce, shi ya sa na ga gara in rubuta ta a tsanake. Ba zan kama sunan kamfani ba, don yawancin masu wannan ƙirar aikinsu ɗaya ne, abin da suke faɗa a talla ma kusan ɗaya ne.

Na'urorin matse ruwa iri biyu ne. Akwai mai gudu, wadda ke kankare kayan da wuƙa tana juyi sau dubbai a minti ɗaya, ga ƙara ga kumfa. Akwai kuma mai tafiya a hankali, irin tawa, wadda a cikinta akwai wani dunƙule mai murɗi da ke juyawa kamar sau 40 zuwa 80 a minti. Shi ne ke danne karas ko kokwamba a jikin rariya, ruwa ya fita ta baki ɗaya, tuƙa ta fita ta ɗayan.

A kan aikin da aka ƙera ta dominsa, ba ni da ta cewa sai yabo. Ba ta tayar da mai barci. Ruwan yana fitowa da kauri da launi mai kyau, kumfarsa kaɗan ce, kuma ba ya saurin rabuwa gida biyu a kofi. Ganye ne inda ta fi burge ni: alayyafo da kabeji, waɗanda mai gudu ke watsarwa kusan yadda aka zuba su, wannan tana tatse su har tuƙar ta fito a bushe. Karas da tuffa da ɗan yankin citta, wannan haɗin ko yaron da ke gudun kayan lambu zai shanye ya nemi ƙari.

Wahalarta kuwa tana gaban matsa da bayanta. Bakinta ƙarami ne, dole a yayyanka komai ƙanana. Seleri idan ba a gutsuttsura shi ba, zarensa na naɗewa ya toshe mafitar tuƙa, sai an tsaya an kwance. Ayaba da mangwaro da ya nuna sosai ba sa ba da ruwa, sai dai su dame su toshe rariya. Wankin rariyar nan da ɗan buroshinta shi ne babban aiki, kuma idan aka bari tuƙar ta bushe a ramukan, an shiga uku. Lokacin yanka da wanki ya ninka na matsar nesa ba kusa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni shi ne 'yar takardar da ta zo cikin kwalin. A ciki an rubuta cewa matsa a hankali tana kare "rayayyun enzayim" na ɗanyen abinci (enzayim sinadarai ne masu hanzarta ayyuka irin su narkar da abinci), cewa ruwan yana wanke guba daga jiki, yana kuma ƙara tsawon rai. Wannan magana ta samo asali ne daga masu aƙidar cin ɗanye zalla, waɗanda ke cewa abinci ya mutu da zarar zafinsa ya haura wajen digiri 48 a ma'aunin Selshiyos. Tsohuwar aƙida ce. Tun wajen 1900 wani likita ɗan Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da majinyatansa ɗanyen abinci a birnin Zurik. Amma enzayim furotin ne, kuma da ya isa ciki ruwan tsamin da ke wurin zai narkar da akasarinsa kamar kowane furotin. Jikinmu na haɗa nasa enzayim ɗin da yake narkar da abinci da su. Tace guba kuwa aikin hanta da ƙoda ne, dare da rana suke yinsa.

Sai batun tuƙa, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Duk ranar da na matse karas da tuffa, kwanon tuƙa cika yake yi. Wannan abin da ake kwashewa a zubar shi ne harza, wadda likitoci ke kira faiba. Ita ce ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ita ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, ita ke sa mutum ya ji ya ƙoshi, ita ke hana taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana, tare da giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu. Lemon zaƙi ɗaya na ɗauke da wajen giram 3 na harza. Kofi ɗaya na ruwan lemo kuwa yana cin lemo kamar uku, ya ba ka sukari sama da giram 20, wato kusan ƙaramin cokali biyar, harzar da ta rage a ciki ba ta kai giram ɗaya ba. Wa zai zauna ya cinye lemo uku cikin minti ɗaya? Amma a kofi kowa na iyawa.

Shi ya sa hukumar, a ƙa'idarta ta 2015, ta sa sukarin ruwan 'ya'yan itace a layi ɗaya da sukarin da ake zubawa a shayi, wanda ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. A Birtaniya ma, hukumomin lafiya sun ce kada ruwan ya wuce mililita 150 a rana, kuma ko nawa ka sha, kaso ɗaya kawai za a lissafa maka cikin kaso biyar na 'ya'yan itace da kayan lambu da suke so a ci kullum. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi mutum sama da 180,000 na shekaru masu yawa, suka wallafa a 2013 cewa masu cin tuffa da inabi ɗungurungum sun fi tsira daga ciwon sukari nau'i na biyu, masu yawan shan ruwan 'ya'yan itace kuwa haɗarinsu ya ɗan ƙaru. Ina da masu ciwon sukari a dangi, don haka wannan ba labarin nesa ba ne a wurina, kuma raina na ɓaci idan na ga ana tallata musu kofin ruwan abarba da sunan magani.

Kada a fahimce ni a baibai. Ina tare da masu cewa a cika faranti da tsirrai, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Binciken da Jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya ta yi a kan mabiya cocin Adbentis sama da 73,000, wanda ya fito a 2013, ya nuna mace-mace a tsakanin marasa cin nama ya yi ƙasa da kashi 12 cikin 100 idan aka kwatanta da masu ci. Sai dai mutanen nan dafaffen wake suke ci, da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da gyaɗa da danginta, da ganye ɗanye da dafaffe. Tauna abincinsu suke yi. Waɗanda suka rungumi ɗanye zalla kuwa, wani bincike da aka yi a Giessen ta Jamus aka wallafa a 1999 ya gano sun rame sosai, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Wuta tana rage bitamin C, gaskiya ne. Amma ita ce ke sa jiki ya fi tsotse jan sinadarin laikofin na tumatir da sinadari mai launin ruwan ɗorawa da ke cikin karas, musamman idan da ɗan mai. Jan wake ɗanye ma guba gare shi, sai ya tafasa sosai na aƙalla minti 10. Wanda kuma ya bar nama da ƙwai da madara baki ɗaya, babu ganyen da zai ba shi bitamin B12, sai ya sha ƙwayarsa.

Yadda nake amfani da tawa yanzu: kokwamba da seleri da kabeji su ne mafi yawa, tuffa ɗaya don ɗanɗano, ƙaramin kofi, kuma tare da abinci. Tuƙar karas ba na zubarwa, tana shiga miya ko kwaɓin burodi. 'Ya'yan itace masu zaƙi kuwa haƙorana nake sa musu. Ranar da nake son abin sha mai kauri, bilenda nake ɗauka, don ita tana niƙe komai har da harzar, ga sauƙin wanki.

To wa ya kamata ya saya? Wanda tauna ke yi masa wuya saboda tsufa ko matsalar haƙori, ko mai jinyar da likita ya ce ya rage harza na ɗan lokaci, ko wanda ya tabbata ba zai taɓa cin ganye ba sai ta wannan hanya. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi bilenda. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya yi hattara da ruwan alayyafo da bitirut, suna da sinadarin okzalet da yawa, wanda ke iya haifar da tsakuwar ƙoda, kuma matsa tana tara shi a kofi ɗaya. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya tuntuɓi likitansa kafin ya soma shan koren ruwa, saboda bitamin K na ganye na rage ƙarfin maganin. Ruwan garehul, wato babban lemon nan mai ɗan ɗaci, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini.

Idan har za ku saya, ku nemi mai faɗin baki, ku tabbatar tana da maɓallin juyawa baya don warware toshewa, ku kuma tambaya ko ana samun rariyarta daban, don ita ce ke fara tsagewa. A wanke kayan sosai kafin a matse, tun da babu wutar da za ta kashe ƙwayoyin cuta, a kuma sha nan take ko a sa a firji a shanye a ranar.