Injin ƙyanƙyasar ƙwai a sanyin Jos: abin da na gani

Injin da nake magana a kai irin ƙananan nan ne na roba, ƙirar Sin, mai cin ƙwai 56, da fanka a murfi da tire mai juya ƙwai da kansa. Yana aiki da wutar gida, yana kuma karɓar batir. Don batirin nan na saye shi, domin ƙwan kaza kwana 21 yake so a ɗumin digiri 37.5 zuwa 37.8, babu ruwansa da an ɗauke wuta a unguwarku.

Wajen riƙe zafi ban ga laifinsa ba, matuƙar ɗakin ba ya shan iska. Amma wanda ya san Jos a watan Disamba ya san yadda asuba take. Jikin injin siriri ne, da wuta ta tafi sai lambobin su fara gangarowa, ya kama kukan nan nasa mai hana barci. Na mayar da shi cikin farin soson da aka kawo shi a ciki, na bar kafofin iska a buɗe, sannan aka samu zaman lafiya. Kada ka yar da soson nan.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne danshi. Ana so ya tsaya wajen kashi 50 zuwa 55 har kwana na 18, daga nan a daina juya ƙwan, a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Hunturu kuwa shanye ruwa yake yi, ka cika kwatamin ruwan da ke cikin injin da safe, kafin dare ya kusa ƙafewa. Ma'aunin da ke jikin injin ma ba gaskiya yake faɗa ba. Da na sa wani daban a ciki, sai na ga nasa yana ƙara lamba. Idan danshi ya gaza a ƙarshe, fatar cikin ƙwai takan bushe ta manne wa ɗan tsako. Za ka ga ya huda ɓawo, bakinsa a waje yana motsi, amma ya kasa juyawa ya fasa. Ɗan soso jiƙe da ruwan ɗumi ya fi kwatamin aiki, kuma a kwana ukun nan a ƙyale murfi, ko yara za su yi ta magiya.

Sauran magana ta ƙwai ce. Na kiret ɗin shago ba ya ƙyanƙyashewa, kajin ba su ga zakara ba. Nawa daga wata inna a Bukuru nake karɓa, wanda bai wuce mako da sakawa ba. A kwana na 7 nakan haska su da tocila a duhu: mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, bara-gurbi kuwa fayau yake, sai a fitar da shi kafin ya yi wari.

A gaskiya kaza mai kwanci ta fi shi iya aiki, sai dai ita goma sha wani abu take rufewa, kuma sai ta ga dama. Wanda yake da sola ko batir mai ƙarfi, injin zai biya shi kuɗinsa. Mai dogaro da wutar gida kaɗai, ya fara sayen batir tukuna. Ka kuma tanadi kwali da ƙwan fitila mai ɗumi tun kafin kwana na 21, don tsakin da suka fito ba sa jure daren Jos.